Yadda Ake Haɗa Littafin Hoto Don Yaron Da Ya Tashi Ba Uba A Gida

A jihar Tahoua, daga Buza da Keita har Illela da Madawa, da wuya a shiga ajin lakwal ba a tarar da yaran da iyayensu maza ba sa gida ba. Wasu iyayen sun tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan, Libiya, Aljeriya ko Najeriya, suna dawowa gab da damina, ko sai bayan shekara biyu ko uku. Wasu tun da suka wuce Agadas waya ta daina shiga. Wasu ciwo ya ɗauke su, wasu hari, kamar wanda aka kai ƙauyukan Tillia a watan Maris na 2021. Wasu kuma suna raye lafiya lau, aure ne ya mutu. Duk da haka, yawancin littattafan da ake miƙa wa waɗannan yara hoto ɗaya suke nunawa: uba zaune bisa tabarma, uwa tana tuƙa tuwo, yara kewaye da su. Yaron da gidansu ba haka yake ba yana gane wa kansa cewa ba a san da irinsa ba.

Wannan bayani na malaman makaranta ne, da marubuta, da masu zane, da ƙungiyoyin mata masu son su yi littafin hoto da Hausa don yara ƴan shekara huɗu zuwa takwas. Aikin bai fi ƙarfin mutum uku ba: mai rubutu, mai zane, da wanda ya iya kwamfuta.

Ku zaɓi rashi guda ɗaya

Kuskuren farko shi ne a ce za a yi littafi ɗaya na duk yaron da ba shi da uba. Maganar da za ta sanyaya zuciyar maraya ita ce za ta firgita ɗan wanda ya tafi bida. In littafin ya haɗa mutuwa da tafiya a labari ɗaya, yaron da babansa ke sayar da kaya a Abijan zai kwana yana tunanin ko nasa ma ya mutu an ɓoye masa. Saboda haka, kafin ku rubuta harafi ɗaya, ku faɗi cikin jimla guda inda uban yake, da abin da yaron ya sani game da hakan.

In rasuwa ce, ku tuna cewa yaro ƙasa da shekara biyar bai gane mutuwa ba ta da dawowa. Zai ji an ce baba ya rasu, gobe ya tambaya yaushe zai zo. Tsakanin shekara biyar da bakwai ne yawancin yara ke fara fahimtar cewa abin ya tabbata. Don haka littafin ya faɗi kalmar a fili, "ya rasu", ya kuma faɗi abin da take nufi da maganar da yaro zai kama: ba ya numfashi, ba ya jin yunwa, ba ya jin ciwo, ba zai dawo gida ba. Kada ku rubuta "ya yi tafiya". A ƙasar Adar, nan yankin Tahoua, wanda ya yi tafiya yana dawowa da tsaraba, kuma yaron zai yi ta sauraren ƙarar mota. Kada ku rubuta "yana barci", domin akwai yaran da daga jin haka suke tsoron rufe ido da dare, ko su riƙa tada uwarsu don su ga ko za ta farka. In ciwo ne ajalinsa, ku ce ciwo ne mai tsanani wanda likita ya yi iya ƙoƙarinsa bai warke ba. In kuka ce kawai "ya yi rashin lafiya ya rasu", duk masassarar da ta kama uwar sai ta zama abin fargaba.

In uban ya tafi bida kuma ana jin labarinsa, labarin na jira ne, da kewa, da saƙon murya a WhatsApp, da kuɗin da ake zuwa karɓa a wurin aike. Akwai wani abu da manya ba su cika faɗa ba, amma yara sun san shi: ranar da uban ya dawo bayan shekara uku, ƙaramin yaro kan ɓuya bayan zanen uwarsa, don bai san wannan mutumin ba. Littafin da ya nuna wannan kunyar ba tare da ya tsawata wa yaron ba ya yi aiki babba.

Mafi wuya shi ne wanda labarinsa ya ɓata. Ba a yi zaman makoki ba, uwar ba ta yi takaba ba, ba a kuma san ko yana raye ba. A nan marubuci ba shi da ikon kashe uban, ba shi da ikon dawo da shi. Jimlar da littafin ke ɗauke da ita ita ce ta uwar: "Ba mu sani ba. Ni ma ina son in sani." Manya suna tsoron faɗa wa yaro haka, suna ganin gara a ce masa "gobe-gobe". Amma yaron da aka yi wa alkawarin gobe sau ɗari yakan daina yarda da maganar uwarsa, alhali ita kaɗai ta rage masa.

In aure ne ya mutu, kada kowa ya zama mugu a labarin. Duk zagin da aka yi wa uba, a jikin ɗa yake sauka. Kuma a al'adarmu sau da yawa yaron da ke hannun uwarsa yau, in ya ɗan tasa gidan ubansa ake mai da shi, to littafin da ya cusa masa tsoron mutumin ya cuce shi. Haka labarin agola a gidan mijin uwa, da na yaron da aka haifa ba aure: ana iya rubuta su, amma kalmar zagin da aka sani kada ta shiga littafin, ko da a bakin yaro mai tsokana aka sa ta don a nuna muninta. Ƴan aji za su ɗauki kalmar su bar darasin, kuma sun san wanda za su jefa da ita a lokacin hutu.

Kowane irin rashi kuka zaɓa, akwai abu biyu da ba a tsallakewa. Yara masu wannan shekaru suna ɗauka abin da suka yi ko suka faɗa ne ke jawo abin da ya faru: na ƙi zuwa aike, na yi masa kuka, shi ya sa ya tafi. Dole wani babba a cikin labarin ya faɗa da bakinsa cewa ba laifin yaron ba ne. Na biyu, yaron yana da tambayar da ba ya iya furtawa: to ni wa zai kula da ni? Littafin ya amsa ta da sunayen mutane da ayyukansu, kawu mai kai shi idi, kaka mai dama masa fura, gwaggo mai zuwa lakwal in mushe, wato malami, ya ce a zo da iyaye.

Sauraro kafin rubutu

Ku zauna da mata biyar ko shida masu riƙon yara su kaɗai, da kaka ɗaya ko biyu, da manya biyu ko uku waɗanda su kansu haka suka tashi. Kada ku tambaye su "yaya yaron yake ji", amsar "lafiya lau" za ku samu. Ku tambayi abin da ake gani: wane lokaci na yini ne yake tambayar babansa, wane kayan uban ne yake taɓawa, wace rana ta shekara ta fi masa nauyi, me yaran unguwa ke ce masa. Daga nan ake samun hular da ke rataye a ƙusa, da rediyon da ba a ƙara sa wa batir ba, da safiyar sallar layya da kowane yaro ke riƙe da hannun babansa. Ku faɗa musu tun farko abin da za ku yi da maganarsu. Ku canza suna, unguwa, sana'a da yawan yara, yadda ba wanda zai buɗe littafin a Tahoua ya ce ai gidan wance ne. Yaran da ke cikin sabon rashi kuwa, kada a yi musu tambayoyi don neman kayan labari.

Tsarin shafuka

Littafin hoto ya saba zama shafi 32, ban da bango. Dalilin na aikin ɗab'i ne: kowane falle in an ninka shi biyu yana ba da shafi huɗu, to falle takwas shafi 32 ke nan. In kuɗi bai kai ba, a yi shafi 24 da falle shida. Abin da ba ya yiwuwa shi ne 26 ko 30. Maɗaba'a za ta cike muku da farin shafi, ku biya kuɗinsa.

Shafi na 1 na sunan littafi ne, na 2 na sunayen marubuci da mai zane da shekarar bugu, na 3 ƙaramin zane mai buɗe labari. Labarin kansa daga shafi na 4 zuwa na 29. Ku riƙa lissafi da abin da ido ke gani in an buɗe littafi, hagu da dama tare. Wannan buɗi 13 ke nan. Shafi na 30 da 31 na manya ne, na 32 a bar wa yaro fili ya yi nasa zanen.

Ga misalin rabo, da labarin wata Ramatu ƴar shekara shida wadda babanta ya tafi Libiya aka daina jin sa. Buɗi na 1 da na 2, gidansu da mutanen cikinsa, da hular baba a ƙusa. Na 3 da na 4, yadda da can waya ke ƙara ranar Juma'a, yanzu kuma shiru. Na 5, damina ta kusa, mazan unguwa suna sauka daga mota da jakunkuna, baban ƙawarta na cikinsu. Na 6 da na 7, Ramatu ta yi fushi, ta kifar da kwano, ta ƙi magana. Na 8, da dare ta faɗa wa kaka abin da ke cin ta: ranar da baba zai tafi ta ƙi gaishe shi. Na 9, amsar kaka. Na 10, ta tambayi uwarta, uwar ta faɗi gaskiya. Na 11 da na 12, sallar layya, kawu ya zo ya kai ta idi, ta ji daɗi kuma ta yi kewa a rana ɗaya. Na 13, ita da uwarta suna ɗaukar saƙon murya suna ajiyewa, ko da bai shiga ba.

Ku lura fushin ya samu buɗi biyu. Marubuta da yawa suna son yaro mai haƙuri wanda ba ya komai sai share wa uwarsa hawaye. Wannan yaron manya yake burgewa. Yaro na gaske yana fushi, yana kishin ƙawarsa, yana dariya ranar da bai kamata ba, kuma yana buƙatar ya ga cewa irin wannan yaron ma ana son sa.

Ƙarshen labari nan ne aka fi zamewa. Hannu yana son ya rubuta cewa mota ta tsaya, baba ya fito da akwati. Kada ku yarda, sai in littafin na bida ne wanda dawowa ke cikin tsarinsa tun farko. Yaron da aka karanta wa wannan zai koma gida ya tarar nasa uban bai fito daga kowace mota ba, sai ya ga labarin ma ya bar shi a baya. Haka nan kada a kawo sabon miji ko kawu a ce ga sabon baba, magana ta ƙare. Kawu kawu ne, yana yin abin da yake iyawa, kuma yaron yana da izinin ci gaba da kewar ubansa.

Shafuka masu lambar mara, 5, 7, 9, suna dama. Masu cika suna hagu. Tambaya ko abin jira a sa shi a ƙasan shafin dama, amsar ta zo bayan an juya. Ramatu ta ce "Inna, Baba zai dawo?" a ƙarshen dama, yaro ya juya da hannunsa ya samu amsa.

Kalmomi

Duka labarin kada ya wuce kalma 350 zuwa 500, wato 25 zuwa 40 a kowane buɗi, wani ma ba kalma ko ɗaya. In ana son ɗan ajin CP ko CE1, wato aji biyu ko uku na firamare, ya karanta da kansa, jimla kada ta wuce kalma takwas zuwa goma. Abin da zane ya nuna, rubutu ya bar shi. In hoto ya nuna kwano a kife da tuwo a ƙasa, ba sai an rubuta ta yi fushi ba. Ku sa jimla ɗaya mai dawowa sau uku ko huɗu, irin "Waya ba ta yi ƙara ba", domin yara suna kama ta su riƙa faɗa tare da mai karatu, kamar amshin tatsuniya.

Ku yanke shawara kan karin harshe. Hanya mai kyau ita ce bayanin labari ya bi daidaitacciyar Hausa, maganar kaka da ta yara ta ɗan ɗauki Adaranci, "tahi", "hura", "ɗiyata". Abin da ke rikita mai koyon karatu shi ne kalma ɗaya ta fito da rubutu biyu a bakin mutum ɗaya. Ku bi ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999, wadda ke rubuta ƴ a "ƴaƴa" da "ƴar", tun da ita yaran makarantun harshe biyu ke koyo. Sunan jarumi ya zama na kowa. Audi da Talle sunaye ne da ke nuna maraici, in kun sa su, yaron da ke ɗauke da sunan a aji shi za a juya a kalla.

Game da addini, tarihin Annabi (SAW) yana da kusanci da waɗannan yara: mahaifinsa Abdullahi ya rasu kafin a haife shi, mahaifiyarsa Amina ta rasu yana da shekara shida, kakansa Abdulmuɗallibi ya riƙe shi har ya kai takwas, sannan baffansa Abu Ɗalib. Kaka tana iya ba da wannan da baki a cikin labarin, cikin jimla biyu, zanen kuma ya tsaya a kan kaka da jikarta. Kada a buga ayar Alƙur'ani da Larabci a littafin da zai yi yawo a ƙasa, a hannun yaro mai cin ƙosai. Ma'anar ayoyin Suratud Duha game da maraya ta isa, a shafin manya. Jimlar da ta shafi ƙaddara ku kai wa malami ya duba. "Allah ya ɗauke shi don yana son sa" tana sa wani yaron ya ji tsoron kada a so uwarsa ita ma.

Zane

Kafin mai zane ya taɓa shafin farko, ya zana kowane mutum na labarin a falle ɗaya, ta gaba, ta gefe, ta baya, yana dariya, yana kuka, tare da tsayinsa kusa da sauran. A ba kowa alamar da ba ta canzawa: kallabin Ramatu ja ne daga farko har ƙarshe, kitsonta iri ɗaya. In aka canza mata riga a buɗi na 7, ƴan shekara huɗu za su ce wata yarinya ce. Gida ya zama irin namu, katangar laka ko ta dutse, rumbu, randa, turmi, akuya a ɗaure, ba kujerun falo na littattafan waje ba. Kuma kada talauci ya zama alamar rashin uba. Tsumma da ƙuda a fuskar maraya cin mutunci ne, kuma ba uwar da za ta karanta wa ɗanta wannan.

Uban da ba ya nan ana nuna shi ta kayansa, ko hotonsa a waya, ko tunawa. In za a zana tunawa, a ba ta launi dabam da gefe dabam, a riƙe wannan tsari ko'ina, in ba haka ba yaro zai ce ga shi nan ya dawo. Kada a zana gawa, makara, jini ko bindiga. Kada a zana mamaci yana murmushi cikin gajimare. Ba aƙidar mutanenmu ba ce, kuma yaro zai nemi a kai shi can.

Mai zane ya yi aiki a takarda mai kauri, gram 200 ko fiye, ya ɗan fi girman littafin, don in an rage zane yana ƙara kyau, in an ƙara shi yana dushewa. Ya bar fili mai haske inda rubutu zai zauna. Fuska ko hannu kada su faɗa tsakiyar buɗi inda ake ninki. Launin fata yana yin duhu a bugu fiye da yadda yake a takarda ko a kwamfuta, to a bar haske a goshi, kumatu da hanci, in ba haka ba fuskar za ta toshe, idanu kawai za a gani, alhali a fuskar ne duk labarin yake. Ku rubuta yarjejeniya da mai zane: kuɗinsa, yawan zane, gyara sau nawa, wa ke riƙe zanen asali, da rabonsa in an sake bugu. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, yana Yamai don rajistar aikin.

Littafin gwaji

Ku ninka falle takwas na A4, ku sa lamba 1 zuwa 32, ku manna rubutun da zanen fensir. Wani, ba marubucin ba, ya karanta wa yara biyar zuwa takwas, a gauraye masu uba a gida da marasa shi, da izinin iyayensu mata. Kada a taɓa cewa "wa ba shi da uba a nan". Marubuci ya zauna gefe ya rubuta inda ido ya bar littafi, da inda aka yi dariyar da ba a nufa ba. Bayan karatu a yi tambaya uku: me ya faru, ina baban Ramatu, laifin wa ne. In yaro biyu suka ce ya mutu alhali ba ku faɗi haka ba, zane ne ya faɗa, ku nemo shi. In ɗaya ya ce laifin Ramatu ne, amsar kaka ba ta yi ƙarfi ba, ko ta zo a shafi mai cunkoso. Sannan ku karanta wa matan da kuka saurara tun farko. In wata ta ce ba za ta iya karanta wannan jimlar ga ɗanta ba, ku tambaye ta yadda ita za ta faɗe ta. Sau da yawa tata ta fi.

Kwamfuta da maɗaba'a

A ɗauki zane da sikana a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Shafin A4 a wannan ma'auni 2480 ne sau 3508 na ɗigon hoto. In naku bai kai kusa da haka ba, zai fito a dishe. In waya za a yi amfani da ita, a shimfiɗa zanen a inuwa da safe, ba filasha, waya a miƙe daidai bisa takarda. Kada a aika zane ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya lalace. A aika shi a matsayin takarda, ko a kai shi a kile USB.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ ɗ ƙ ƴ, su ne ke ba da wahala. Yawancin salon haruffa masu ado ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, ko ta sa akwatin banza a wurinsu. Andika kyauta ce, an yi ta don masu koyon karatu, tana da su duka manya da ƙanana. Noto Sans ma tana da su. Girman rubutu 18 zuwa 24, baƙi bisa fili mai haske, layi a daidaita ta hagu, kada a raba kalma a ƙarshen layi. Scribus manhaja ce ta kyauta da ke iya tsara shafuka. Kada ku kai wa maɗaba'a fayil ɗin Word: kwamfutarsu ba ta da haruffanku, za ta musanya su ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Ku kai PDF wanda haruffan ke ƙunshe a ciki, launi a CMYK, wato tsarin launi huɗu na maɗaba'a, baƙin rubutu baƙi zalla ba haɗin launi huɗu ba, don kada gefen haruffa ya yi inuwa.

In zane zai kai har bakin shafi, ya zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma ya nisanci baki da ninki da santimita ɗaya da rabi. In da injin fotokopi ko firinta ta ofis za ku buga a A3 ku ninka, ku bar farin gefe na santimita ɗaya, don injin ba ya kaiwa baki. Wajen jera shafuka a falle, kowane biyu da ke maƙwabtaka jimlarsu 33 ce: 32 da 1, 2 da 31, 30 da 3, har 16 da 17.

Takardar ciki gram 135 zuwa 170, marar sheƙi. Mai sheƙi tana kashe ido in ana karatu a ƙarƙashin itace, mai gram 80 kuma zanen baya yana lekowa. Bango gram 250 zuwa 300 da leda a manne, a ja masa layin ninki da inji kafin a ninka, in ba haka ba launin zai tsage a gadon baya. Ɗaurin gam ba ya jure zafin Afrilu da Mayu na Tahoua, da yakan haura digiri 40. Shafuka sai su fara zubewa. Ƙusar takarda biyu a tsakiya ta fi, amma tana tsatsa da damina. In kwafin kaɗan ne, ɗinki da zare ya fi duka: huda uku a ninki, ɗaya a tsakiya, biyu santimita biyar daga sama da ƙasa, allura ta shiga ta tsakiya, ta fito ta sama, ta tsallaka zuwa ƙasa, ta dawo tsakiya a ƙulle bisa dogon zaren.

Kwafi 50 zuwa 200, bugun inji mai aiki kai tsaye daga kwamfuta ya fi araha; daga wajen 500 zuwa sama, bugun ofset, na babban inji mai aiki da faranti, shi ne ke sauke kuɗin kowane kwafi. Ku nemi farashi a rubuce daga wuri uku, da girma, nauyin takarda, yawan shafi da irin ɗauri iri ɗaya, don ku iya kwatantawa. Kada ku sa hannu a bugu sai kun riƙe kwafin gwaji a kan ainihin takardar, kun duba fuskoki a hasken rana, kun bi kowace ƙ da ɗ da yatsa.

Shafin manya

Shafi na 30 da 31 a rubuta su da jimloli gajeru, don wata uwar karanta mata za a yi. A ce mata ta fara jin labarin ita kaɗai kafin ta zauna da yaro. Ta zaɓi rana, ba dab da barci ba. In yaro ya rufe littafi a tsakiya, a bar shi, a ajiye inda hannunsa ke kaiwa. In ya nemi a maimaita sau goma, a maimaita. In hawaye ya zo mata ba laifi, ta ce masa ita ma tana kewa, kuma tana nan. A aji, malami ya sanar da uwar ko mariƙin yaron kafin ranar karatu, kada ya kira sunan kowa, aikin bayan karatu kuma ya zama "zana mutanen da ke kula da kai", ba "zana babanka" ba.

A rubuta alamun da ke nuna littafi bai isa ba: yaron da ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi abinci, ko mugun mafarki ya ƙi barinsa makonni da yawa, ko ya daina wasa, ko ya ce yana son ya mutu ya je wurin babansa. Wannan a kai shi likita a yi bayani. Ga iyalan da nasu ya ɓata a hanya, a faɗa musu cewa ƙungiyar agaji ta Kuros Rus (Croix-Rouge) ta Nijar tana da sashen neman dangin da aka rabu da su, kuma ba a biyan kuɗi.

Kwafin farko ku raba su inda za a karanta da baki: ajin jardan na ƙananan yara da CI, ajin farko na firamare, makarantun yaƙi da jahilci na mata, ɗakin karatu na gidan matasa. Ku riƙe kaye ɗaya na rubuta duk kuskuren da aka gano da duk tambayar da yara suka yi wadda littafin bai amsa ba, don bugu na biyu. PDF ɗin da haruffan da kuka yi amfani da su a ajiye su wuri biyu dabam. Zanen asali kuma a sa farar takarda tsakanin kowane biyu, a rufe cikin akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.